Ƙafar da Gwaggo Indo Ke Gwada Ruwa da Ita

Birni, Damagaram
20 ga watan Azumi, 1379

Daga Indo ungozoma zuwa ga ɗan ƙanena Mutari, a Dakar.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina sanar da kai muna nan kalau, sai dai azumin bana ya zo mini da ƙishirwa irin wadda ban taɓa gani ba. Da an sha ruwa nake rungume randa. Idan ka ga rubutuna ya karkace kada ka yi dariya, idon ne ya fara hazo.

Albishirinka. Yayarka Zainaba tana da juna biyu, wata huɗu ke nan. Na je Gidimuni na gan ta da idona. Ka san sau biyu tana kai ciki har ƙarshe, yaro ya zo ƙato kamar ɗan wata uku, amma ba rai. Ni na karɓe su, ni na yi musu wanka. Wannan karon na ce ba zan zuba ido ba. Na sa mijinta Kolo ya riƙa kawo mata dabino da rake daga garkarsa kullum, ni kuma na kai mata zuma tulu guda, don ta rame ƙwarai. Jininta ma zaƙi gare shi, har tururuwa ke bin inda ta yi fitsari. Na ce mata alamar arziki ce.

Yarinyar nan ni na goye ta, kuma ta gado ni wajen dauriya. Wankan jegonta na baya, ƙafa biyu ta tsoma cikin kaskon ruwan zafi tana ba ni labari, har fata ta tashi ba ta ce uffan ba. Ka gwada ta da 'yan matan yanzu! Kulu ta maƙwabta, da na yi mata wanka shekara biyar da suka wuce, ihu ta yi har liman ya aiko a tambaya. Wai ruwana ya yi zafi. Ni da nake gwada ruwa da bayan ƙafata tun kafin a haife ta, yadda uwata ta koya mini, don hannun mai girki ya saba da wuta. Duk sun lalace, ragwaye, sai tsegumi.

Tsufa kuwa ya fara yi mini wasa. Ran kasuwa na dawo gida da takalmi ɗaya, ban san inda ɗayan ya fice ba, sai da yara suka yi ta dariya.

Yanzu ka gaya mini gaskiya. Wani tsohon soja ya dawo daga wajenku yana cewa ba lokotoro mai duba marasa lafiya kake ba, naman mutane kake yankawa. Na zage shi tas. Wane irin aiki kake yi?

Gwaggonka Indo

*

Dakar
2 ga Afrilu, 1960

Zuwa ga Gwaggo, bayan gaisuwa mai yawa da barka da salla.

Gwaggo, takardarki ta same ni ina cin abinci, ban ƙarasa ba. Sau uku na karanta ta.

Tsohon sojan bai yi ƙarya duka ba. Ni ba lokotoro ba ne, ina taimakon lokotoro ne a ɗakin bincike. Idan an yi wa mutum aiki aka cire wani abu daga jikinsa, ana kawo mini ɗan guntu. In daskarar da shi cikin kaki, in yanka shi siriri fiye da bawon albasa, in rina shi yadda marina ke yi, in sa a ƙarƙashin wani madubi mai ƙara girman abu sau ɗari-ɗari. Mikiroskop sunansa.

Ki saurare ni da kyau. A cikin ƙafa akwai jijiyoyi farare masu kai labarin zafi da sanyi da tsini zuwa kai. Idan na yanka ta mai lafiya na duba, kamar bakin damin kara take, zare-zare cike maƙil, kowane da rigarsa. Watan jiya aka kawo mini ta wani masunci da aka yanke wa ƙafa. Ciwon sukari gare shi, wato sukari ya taru a jini har yana fita a fitsari. Damin ya zube, Gwaggo, saura ɗai-ɗai, da yawa ba riga. 'Yan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar kuma bangonsu ya yi kauri har ramin ya kusa toshewa. Mutumin nan ƙugiya ya taka, ya yini da ita a ƙafa bai sani ba. A unguwarsu jarumi ake ce masa.

Yaya Zainaba ba dauriya take yi ba. Ba ta ji ne.

Tururuwa da rama da manyan jarirai duk abu ɗaya suke faɗa. Na duba mabiyiyar mata masu wannan ciwo fiye da ashirin. Takan yi girma da nauyi, ke ma kin sani da hannunki. A madubi kuwa, 'yan rassanta masu miƙa wa yaro abinci da iska daga jinin uwa sun kumbura, hanyoyin jininsu sun yi kauri. Yaro ya sha sukari ya yi ƙato, amma a makonnin ƙarshe iskar da ke isa gare shi ta kasa, sai ya tafi a ciki.

Don girman Allah a ɗauke zumar nan da dabino da rake yau. A kawo ta Damagaram, a kai ta likita, wato asibiti, a auna fitsarinta. Akwai pikir, wato allurar magani, da ake yi kullum, ana haihuwa lafiya da shi. Kuma idan Allah ya sauke ta, ki yanko mini ɗan guntun mabiyiya kamar kan yatsa, a sa a kwalbar maganin da sajfam, ungozomar likita, za ta ba ki, a aiko mini in duba.

Ɗanki Mutari

*

Birni, Damagaram
25 ga watan Ƙaramar Salla

Mutari,

Na gaishe ka don gaisuwa ta Musulunci ce, ba don raina ya so ba.

Innalillahi! Mabiyiya a kwalba? A cikin jakar gidan waya, tare da takardun kumandan? Abin da nake wankewa sau bakwai, in naɗe a tsumma, in binne a bayan ɗaki ba wanda ya gani, shi kake so in yanka maka kamar tsire? Taka tana nan gindin bangon gabas, ni na binne ta. Ko in tono maka ita ma ka rina?

Shekara talatin da huɗu ina karɓar haihuwa a Birni da Zango. Yau yaron da na yanke wa cibiya ne zai ce zumata ke kashe 'ya'yan Zainaba. Kuma ka ɗauki abin da nake alfahari da shi a kanta ka mai da shi cuta. Ban karanta wa kowa takardarka ba, kunya ta hana ni.

Kada ka sake rubuto mini wannan zance.

Indo

*

Dakar
9 ga Mayu, 1960

Gwaggo, ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na janye maganar mabiyiya, na yi rashin hankali. Ki binne ta yadda kika saba.

Amma sauran ba zan janye ba ko za ki tsine mini. Ban ce ki yarda da madubina ba. Ki yarda da hannunki. Ki je Gidimuni da allurar ɗinki. Ki sa Yaya ta kwanta ta rufe ido, ki ce ta yi magana duk lokacin da ta ji tsini. Ki fara daga cinya ki gangara har babban yatsa. Idan ta ji ko'ina, ni maƙaryaci ne, ki gaya wa duk Birni.

Cikin ya shiga wata shida. Na farko da na biyu duk a wata na tara suka tafi. Kullum ina zuwa gidan waya, mai raba takardu har ya fara kau da kai idan ya hango ni.

Mutari

*

Birni, Damagaram
kwana goma bayan Layya

Ɗana Mutari,

Bayan gaisuwa. Na san na bar ka cikin zullumi. Fushi ne ya riƙe ni kwana ashirin, sannan na ce bari in je in ƙaryata ka, in huta. Na hau kamiyo, motar kaya, da allurata a bakin zane.

Na kwantar da ita na rufe mata ido da kallabi. A cinya ta zabura ta ce, "Wayyo Gwaggo, me na yi miki?" A gwiwa ma haka. A ƙwauri ta ce kamar an taɓa ta da yatsa. Da na zo idon sawu, shiru. Na soka a tafin ƙafa, shiru. Na soka a babban yatsa har jini ya fito, Mutari, jini yana bin hannuna, sai ta ce, "Gwaggo, kin gama ne? In buɗe ido?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Yarinyar da nake nuna wa matan gari ina cewa ku yi koyi da ita! Na juya tafin ƙafar, na kankare lalle, na sami ƙaya biyu a ciki, ɗaya har ta yi ruwa.

Kolo ya so ya yi gardama, wai damina ta kama, wa zai yi masa abinci. Na ce masa ya dafa rakensa ya ci. Washegari muka taho.

A likita suka zuba fitsarinta cikin wani ruwa shuɗi kamar na baba a marina, suka ɗora a wuta. Ina kallo ya koma kore, ya koma ja kamar jan tubali. Lokotoro ya dafe kai, ya yi ta magana da Faransanci, anfirme mai taimakonsa yana fassarawa. Kusan duk abin da ka rubuto ne. Yanzu tana wajena, kullum safe da yamma muna zuwa a yi mata pikir. An hana ta zaƙi, an rage mata fura, tana ta mita. Sun ce ba za su bari cikin ya kai ƙarshe ba, za su sauke ta da ɗan sauran kwanaki, kuma a can za ta haihu, ba a hannuna ba. Wannan ya yi mini ciwo, amma na haɗiye.

Tulun zumar na kyautar. Ba na ko son ganinsa.

Gwaggonka

*

Birni, Damagaram
14 ga Safar, 1380

Mutari, barka! Barka!

Mace ce, kuma ta yi kuka. Ina bakin ƙofa na ji. Kwana biyu bayan bikin da aka yi na ƙasa ta karɓi kanta aka haife ta. Gari duk ganguna da sabuwar tuta, ni ban leƙa ko'ina ba, tutata tana cikin tsumma. Babba ce amma ba kamar na baya ba. Sajfam ta miƙo mini mabiyiyar da kanta. Na auna a hannu, nauyinta ya wuce misali, yadda ka faɗa. Na binne ta kusa da taka.

Za su riƙe su kwana goma. Asma'u za a sa mata. Da sun dawo gida za mu fara wanka, don ko lokotoro bai isa ya hana jego ba. Amma ka kwantar da hankalinka, na ɗauki darasi. Ba zan ƙara tambayar Zainaba zafin ruwa ba, tunda ƙafarta ba ta da labari. Ni zan sirka shi da kaina, na uwa da na jaririya, in gwada da ƙafata yadda na saba, sai ya yi ɗumi kawai.

Ka aiko wa ɗiyarka riga.

Gwaggonka Indo

*

WAYA, Dakar, 19 Agusta 1960
INDO UNGOZOMA BIRNI ZINDER. KADA KI GWADA RUWA DA KAFARKI. WANI YA GWADA DA HANNU. TAKARDA NA TAFE. MUTARI

*

Dakar
19 ga Agusta, 1960

Gwaggo,

Barka da arziki, Allah ya raya Asma'u. Ba zan iya doguwar gaisuwa ba. Takardarki ta yi kwana goma sha biyu a hanya, kuma na ƙirga, sun riga sun dawo gida.

Ina cikin murna har na kai inda kika ce za ki gwada ruwa da ƙafarki. Na ɗauko takardarki ta watan azumi. Ƙishirwa har kina rungume randa. Hazo a ido. Takalmi ya fice daga ƙafarki kin taka har gida ba ki ji ba. Matan da kika yi wa wanka suna ihu, ke kina jin ruwan daidai, kuma wadda kawai ba ta yi ihu ba ita ce wadda jijiyarta ta mutu. Komai kin rubuto mini da hannunki tun wata biyar. Na karanta sau uku, Yaya kaɗai na gani. Ciwon nan yana bin dangi, na sani sarai, kullum ina rubuta shi a takardun mutanen da ban sani ba.

Ki ɗauki allurar nan ki ba wani ya yi miki yadda kika yi wa Yaya. Kada ki taɓa ruwan jaririyar. Ya Allah ka sa wayata ta riga kaskon.

Mutari

*

Birni, Damagaram
20 ga watan Mauludi, 1380

Daga Indo zuwa ga ɗana Mutari.

Bayan gaisuwa. Asma'u tana da rai, tana shan nono, ta fara ƙiba. Na sa wannan a gaba don ka iya karanta sauran.

Wayarka ta zo da kwana biyu a makare.

Ranar da suka dawo na dafa ruwa da hantsi. Mata sun cika gida 'yan barka. Na zauna a kujera da yarinyar a cinyata, kasko a gabana. Na tsoma ƙafar dama, na ji kamar ruwan randa. Na ce a ƙaro daga tukunya. Aka ƙaro. Na sake tsomawa, na bar ta a ciki ina ba Zainaba labari, na ce yanzu ya yi ɗumi. Na yi bisimilla na sauke yarinyar.

Dugaduginta kawai ya taɓa. Ƙarar da ta yi, Mutari, na karɓi haihuwa ta fi dubu ban taɓa jin irinta ba. Kulu ce ta yi tsalle ta fizge ta daga hannuna. Ta sa yatsa a kaskon ta fizge shi ma, ta tsaya tana kallona. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Inna, shekara biyar ina gaya miki."

Na ce ƙarya ne, ga ƙafata a ciki. Na ɗago ta in nuna musu. Fatar bayan ƙafar ta saɓule tana reto, jan nama a waje, ni kuwa ko kaɗan ban ji ba. Wata ta yi salati, wata ta fita da gudu. Ni dai ina zaune ina kallonta kamar ƙafar wani.

Dugadugin yarinyar ya tashi, an yi magani, ya warke, sai ɗan tabo kamar ƙwayar gyaɗa. Zainaba ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Kulu ce ke yi musu wanka yanzu, da gwiwar hannu take gwadawa.

Ita ce kuma ta yi mini allurar. Na rufe ido ina jira ta fara, ashe ta kai ƙwauri. Fitsarina ya fi na Zainaba ja. Ƙunar ta ƙi warkewa, yatsu biyu sun yi baƙi, lokotoro ya ce jibi zai cire su kafin abin ya hau. Ya ce ba sai an sa ni barci ba, na yi dariya, shi bai yi ba.

Ba yatsun ke damuna ba. Kulu ta ɗaga zane ta nuna mini ƙafafunta, tabon yana nan har yau. Raguwa na ce mata a gaban uwar mijinta, sunan ya bi ta. Tun ranar nake lissafa gidaje. Akwai ta Zango da ta suma na ce iya shege ne. Akwai jaririn da ya yi ta kuka kwana bakwai na ce mayu ne. Ban san daga inda abin ya fara ba, ƙwaƙwalwata ta ƙi tsayawa.

Don haka ga abin da na yi. Na tambayi malam, ya ce idan don neman sani ne babu laifi, muddin za a binne abin da ya rage. Na roƙi lokotoro ya sa yatsa ɗaya a kwalbar nan taku ya aiko maka, ya yarda. Ni da na zage ka a kan kwalba. Ka daskarar da shi, ka yanka, ka rina, ka duba damin karan nan da kyau. Idan madubinka zai iya, ka gaya mini shekara nawa ke nan da ya zube. Biyar ne, ko bakwai, ko goma. Ina so in san daga wane gida zan fara neman gafara, tun ina da ƙafar zuwa.

Abin da ya rage ka naɗe a farin tsumma ka binne, kada ka bar shi a kan tebur.

Gwaggonka Indo